Yadda Kudrna Ya Shata Mana Hanya Zuwa Agogon Prag

Ina so in fara da bayyana cewa Radomil Kudrna maƙwabcina ne tun shekara ashirin da shida da suka wuce, shinge ɗaya ne ya raba lambuna da nasa, kuma ban ɗauki alƙalami don in ci masa mutunci ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne, tun da muka dawo daga birnin Prag, duk inda mutum uku suka taru sai ya tsaya ya ba da labarin tafiyar, kuma kullum labarin yana ƙara nisa da abin da idona ya gani. Ina da takardar da na riƙa rubuta lokuta a kanta a ranar. Da ita zan yi aiki.

Tafiyar ta hutun rani ce, irin wadda ƙungiyar ƙauyenmu Dubinka take shiryawa kowace shekara: bas guda, mutum ashirin da uku, kowa da soyayyen naman kaza tsakanin yankan burodi biyu. A bana an zaɓi Prag ne saboda surukina, Baba Vendelin. Shekara hamsin da ɗaya ya yi yana hawa hasumiyar ƙauye yana murɗa wa agogonta makulli, yana zuba masa mai, bai taɓa kwana a wani gari ba don kada agogon ya tsaya. Abu ɗaya kawai ya tsana a aikin, wato dokar da ta ce a tura agogo gaba da awa guda idan rani ya shigo, a mayar da shi idan sanyi ya zo. Yakan yi, amma yana yi yana tsaki. A farkon shekara likita ya gaya wa matata Blazena cewa hasken idon mahaifinta yana tafiya, kafin ƙanƙara ta sauka ba zai bambance fuskarta da tawa ba. Da aka tambayi tsohon me yake so ya gani, bai yi dogon tunani ba. Ya ce tsohon agogon nan na dandalin Prag, wanda ƙwarangwal ke kaɗa wa ƙararrawa duk awa. A hoto kawai ya san shi.

Mun isa da ƙarfe goma da minti ashirin. Direbanmu Otakar ya ajiye bas a bakin kogi, ya miƙe ya fuskance mu.

"Ku ji ni da kyau, jama'a. Kun ga wannan gadar? Ku haye ta, ku miƙe da titin da ke gabanku, ba hagu ba dama. Minti goma kuna gaban agogo. Ƙarfe huɗu zan tashi, ko da ni kaɗai ne da kujeru."

Sai aka ji dariya daga kujerar baya. Kudrna ne, da gajeren wandonsa, da safa har gwiwa, da jakar goyo.

"Wannan ai hanyar baƙi ce, Otakar. Hanyar 'yan yawon buɗe ido masu bin laimar ɗan jagora. Mu 'yan ƙasa ne, alama muke bi."

Kowa a ƙasarmu ya tashi ya tarar da alamar hanya a jikin itatuwan daji: layi uku kwance, fari a sama, fari a ƙasa, launi a tsakiya. Daga kowace alama dole a hango ta gaba. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya riƙe alama ba ya ɓata, kuma duk tsawon rayuwata ban ga ta ba mutum kunya ba. Kudrna ya yi shekara tara yana riƙe wa masu shata hanyoyin dajinmu gwangwanin fenti. Buroshi dai ba a taɓa miƙa masa ba, ko da yake ba haka yake faɗa ba.

"Prag ba ta da alama zuwa agogo," in ji Otakar.

"Da ba ta da ita," in ji Kudrna. "Ranar Lahadin da ta wuce na hau jirgin ƙasa na farko, na zo na yi mata. Alama sittin da huɗu, daga nan har gindin agogo, ta lungunan da ko ɗan gari bai sani ba. Ruwan goro na sa a tsakiya, don kada a rikita da na kowa."

"Ruwan goro?" in ji Blazena. "Ba shi ne ragowar fentin ƙofar kejin zomayenka ba?"

"Fenti fenti ne, matar maƙwabci. Hannun da ya shafa shi ake dubawa." Ya juya ga surukina, ya dafa ƙirji. "Baba, sha biyu na rana za ta buga kana sahun gaba. Sharaɗina ɗaya ne. Mai bin alama ba ya tambayar hanya. Wanda ya tambaya ya zage ni."

Dole in faɗi gaskiya, an tafa masa. Ni ma na tafa. Na duba agogon hannuna na ga akwai awa ɗaya da rabi, na ce a raina ko da rarrafe ne za mu isa.

Alama ta farko tana jikin sandar fitila a bakin gada, tsaf da ita. Ta biyu a jikin bango. Ta uku a jikin bututun ruwan sama. Kudrna yana gaba, duk wadda ya iske sai ya shafa ta da tafin hannu kamar mai gaisawa da ɗan'uwa. Mu kuma muna biye a jere, ni ina riƙe da hannun Baba Vendelin.

Ta bakwai tana jikin shingen katako na masu gyaran titi, kibiyarta tana nuna wani ƙaramin soro. Muka shiga soron ɗaya bayan ɗaya, muka ɓullo a tsakar wani gida mai hawa huɗu. Ba ƙofa a gaba. Kwandunan shara uku ne, da keke ba taya, da igiyar shanya. Wata mata ta leƙo daga bene da tsumma a hannu.

"Kai! Ku ma 'yan ruwan goro ne?"

"Sannu da aiki, baiwar Allah," in ji Kudrna. "Wucewa za mu yi."

"Ku wuce ina? Ta cikin kicin ɗina? Tun ranar Litinin da ma'aikata suka juya wancan shingen ban huta ba. Jiya wasu tsofaffi shida suka zo da sanduna da jakunkuna, suka zauna a kan kwandon sharata suka ci burodi, wai sun gano sabuwar hanya. Ɗaya har yana tambayata ko daga nan ana hango duwatsu."

"Su wa suka ba ma'aikata izinin taɓa shinge mai alama?"

"Shingensu ne, malam. Duk inda rami ya koma, can yake komawa. Da zan kama wanda ya yi wannan fentin, da tsumman nan zan wanke masa fuska."

"Ko wane ne, gwani ne," in ji Kudrna. "Dubi yadda layin ya miƙe."

Muna fitowa daga soron ƙararrawar sha ɗaya ta tashi ko'ina a gari. Baba Vendelin ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Can ne, ta hagu. Akwai wata ƙaramar ƙararrawa da ta riga manyan. Igiya ake ja mata."

"Amsa-kuwwa ce, Baba," in ji Kudrna. "Gari mai duwatsu haka yake yaudarar kunne."

"Kunnen nan shekara hamsin yana aiki, ɗan nan."

"Shi ya sa ya gaji. Bar wa ido aikin."

Blazena ta matse mini hannu ta ce a hankali, "Maigida, ka tambayi mutum mana." Na so in tambaya. Amma an yi sharaɗi a gaban jama'a, kuma na tafa masa. Na ce mata a ɗan ƙara haƙuri, har yanzu akwai awa guda.

Ta takwas da ta tara ba a same su ba. Kudrna ya ce a jikin wata babbar tukunyar fure ya yi su, kuma wanda ya ɗauke tukunyar bai san darajar aiki ba. Muna tsaye a mararraba sai ya yi ihu, ya nuna da sanda. Ga ta goma can, fari, ruwan goro, fari, a jikin wani akwatin katako mai rumfa a gefen titi. Muka nufe ta. Saura taku ashirin mu isa sai akwatin ya motsa. Ashe amalanken mai sayar da gasasshiyar masara ne, mai shi ya gama da wannan kusurwar, ya kama hannayensa ya fara turawa.

"Ranar Lahadi a rufe yake da tamfol," in ji Kudrna. "Na ɗauka rumfar mai gadi ce."

"To yanzu fa?" in ji Blazena.

"Yanzu me? Alama tana gaba, muna baya. Haka ake bin hanya."

Muka bi. Mai masara ya yi tafiyar minti biyar, ya waiwaya, ya ga mutum ashirin da uku a jere a bayansa. Ya tsaya, ya buɗe murfi, ya gyara hula, yana murmushi. Mu ma muka tsaya daga nesa, domin Kudrna ya ce a bari a ga inda hanya za ta nufa. Mutumin ya jira. Muka jira. Ya rufe murfi ya ci gaba, muka ci gaba. Sau uku ana haka. A karo na huɗu ya bar amalanken ya tako wurinmu.

"Bayin Allah, masara kuke so ko rigima?"

"Ko ɗaya," in ji Kudrna. "Ka yi tafiyarka, kada ka damu da mu."

"Daga ofishin lafiya kuke?"

"Daga Dubinka muke."

"Ina ne nan?"

"Ka ji ko?" in ji Kudrna, ya juyo gare mu. "Wannan za ku tambaya hanya? Ko Dubinka bai sani ba."

Mai masara ya koma ya kama amalankensa, wannan karon da sauri. Ya haye wata gada, ya kama hawan tudu, muna haki a bayansa. Ban san amalanke yana iya gudu a hawa ba sai ranar. A ƙarshe ya kutsa wani gareji ya ja ƙofar ƙarfe, muka ji ya sa sakata.

A nan sha biyu ta same mu, a hayin kogi, a kan tudu, gaban ƙofar gareji. Birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasanmu da jajayen rufinsa, ƙararrawa tana tashi daga kowane ɓangare. Baba Vendelin ya cire hularsa ya saurara har suka yi shiru. Ya mayar da hular, ya nemi dakali ya zauna. Da ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Muka buɗe ƙunshin burodi muka ci. Blazena ta ci nata tana kallon Kudrna kamar shi take taunawa.

"Malam Kudrna, in tambaye ka mana. A daji, itace yana tashi ya tafi kasuwa?"

"Ba ya tafiya."

"Dutse fa?"

"Shi ma haka."

"To da ka zo birni, ba ka lura abubuwa suna da taya ba?"

"Laifin birni ne, ba na alama ba. Garin da ba ya zama wuri ɗaya ai ba gari ba ne. Amma ki kwantar da hankalinki. Daga ta talatin zuwa sama duk a bakin kogi na yi su, a jikin bango."

Muka gangaro bakin kogi da ƙarfe ɗaya saura kwata. Ta talatin tana nan a jikin bangon dutse, gaskiyarsa. Ta talatin da ɗaya ma haka. Har mutane sun fara sakin fuska. Ta talatin da biyu tana jikin wani dogon farin bango da ke dab da ruwa, kusa da wata 'yar gadar katako, kibiyarta tana nuna ciki. Kudrna ya taka gadar da ƙarfinsa, muka bi shi, muka sami kujeru a jere da tebura. Ya ce wurin hutawa ne da ya tanadar wa tsofaffi tun ranar Lahadi. Muna zama sai wani mai farar riga ya janye 'yar gadar, ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashinmu, farin bangon ya rabu da gaɓa.

Jirgin yawon buɗe ido ne. Zagayensa awa guda da minti ashirin.

Ƙarfe ɗaya ta buga muna ƙarƙashin gada. Ƙarfe biyu ta buga muna juyowa. Wata murya a lasifika tana ta bayani da harsuna huɗu, har ta ce idan muka dubi dama za mu hango kan hasumiyar da tsohon agogo yake. Kowa ya dubi dama. Baba Vendelin ma ya duba, ya ƙanƙance ido, ya daɗe.

"Alois," ya ce mini, "me ake gani?"

Na ce masa tsinin rufi ne kawai, Baba, baƙi, da 'yan ƙananan tsinaye kewaye da shi.

"To," in ji shi. "Ko wannan ma wani abu ne."

Jirgin ya sauke mu daidai inda ya ɗauke mu, da ƙarfe biyu da minti goma sha biyu. Na yi lissafi a takardata. Bugun ƙarfe huɗu ba namu ba ne, domin a lokacin Otakar zai tashi. Bugu ɗaya ya rage mana, na ƙarfe uku. Na gaya wa Kudrna haka da murya mafi ƙarfi da na taɓa yi masa magana da ita, wadda duk da haka sai da ya ce in maimaita.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Tsofaffin alamu sun lalace. Gwani ba ya kuka, sabbi yake yi."

Ya sauke jakar goyo, ya fito da gwangwani biyu da buroshi. Daga nan tsarin tafiya ya sauya. Kudrna zai yi gaba da taku talatin, ya zaɓi wuri, ya shafa fari, ruwan goro, fari, ya dawo cikinmu, ya sa hannu a goshi yana dube-dube, sannan ya ce, "Ga ta can!" Sai mu bi.

"Wai ni kam," in ji Blazena, "wa yake bin wani, kai ko ita?"

"Kada ki sa baki a sana'ar da ba ki koya ba."

A haka muka haye tsohuwar gada mai gumaka, muka shiga lungunan da jama'a suka cika maƙil. Ƙarfe uku saura minti ashirin muka ɓullo wani ɗan fili. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin wani jarumi a kan dakali, ruwan azurfa tun daga hula har takalmi, ya dafa takobi yana kallon sama. Kudrna ya tsaya a bayansa, ya juyo ya fuskance mu, buroshi a sama.

"Matar maƙwabci, kin ce ina shafa wa masu taya. To zo ki duba wannan. Yana da taya?"

"Ba shi da ita."

"Yana da inji?"

"Ban gani ba."

"Wannan bawan Allah shekara ɗari uku yana nan. Kakanki ya mutu ya bar shi, jikanki zai zo ya same shi. A kan irinsa ake kafa hanya."

Ya tsoma buroshi ya ja farin layi a gadon bayan jarumin. Ya sake tsomawa ya ja ruwan goro. Yana ɗaga hannu zai ja na uku sai jarumin ya sauke kansa daga kallon sama, ya juyo a hankali, ya ce, "Uban me kake yi mini a baya?"

Wata mata daga cikinmu ta zauna a ƙasa. Kudrna kuwa bai ja da baya ba, wannan dole in yaba masa.

"Tsaya cak, saura layi ɗaya."

"Saura me? Ka san awa nawa nake yi ina shafa wannan azurfar kowace safiya? Tun tara nake tsaye, tattabara ta sauka a kaina ban motsa ba, yara sun ja mini takobi ban motsa ba, sai kai ɗan ƙauye mai safa!"

"To wa ya ce ka tsaya kamar dutse a hanyar jama'a? Mutum ya yi kama da mutum mana."

"Sana'ata ce!"

"Ni ma tawa ce."

Jarumin ya diro daga dakali, ya fizge gwangwanin ruwan goro, ya kife shi a kan Kudrna. Fentin ya gangaro ta hula, ta kunne, ta cikin riga, har ya taru a safa. Jama'a suka yi da'ira, baƙi suna ɗaukar hoto, wasu suna tafi don sun ɗauka wasa ne aka shirya. Sai ga wata 'yar sanda ta ratso, da ɗan littafi a hannu. Ta dubi bayan jarumin, ta dubi buroshi, ta buɗe littafin.

"Kwana shida muna neman mai wannan aikin. Alama hamsin da takwas muka ƙirga a gari."

Kudrna ya share fenti daga bakinsa. "Sittin da huɗu, ranki ya daɗe. Ban da na yau, goma sha ɗaya. Idan za a rubuta, a rubuta daidai."

Ta rubuta daidai.

A lokacin ne na ji hannuna wayam. Baba Vendelin ba ya nan. Na kama Blazena, muka kutsa cikin mutane muna kiransa. Can muka hango hularsa, yana tafe shi kaɗai yana dafa bango, kansa a karkace. Ya sha kwana ɗaya, ya sha ta biyu, muka cim masa a bakin wani babban dandali.

"Na gaya muku ta hagu ne," in ji shi. "Tun sha ɗaya."

Ga agogon can a jikin hasumiya. Saura minti shida. Amma tsakaninmu da shi akwai mutane sun fi dubu, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ɗaga waya sama. Na roƙi na gabana, bai ji harshena ba. Blazena ta sa gwiwar hannu, aka mayar mata da biyu. Tsohon ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido.

"Wani abu mai zagaye nake gani, kamar faranti a cikin hazo," ya ce. "Ba komai, Alois. Zan saurara."

Saura minti huɗu sai muka ji hayaniya a bayanmu. 'Yar sandan ce take tafe da Kudrna zuwa ofishinsu, kuma hanyar ofishin ta tsakiyar dandalin ta bi. Jarumin azurfa yana biye yana zagi, sauran 'yan Dubinka suna biye da shi a jere, domin sun saba. Kudrna yana tafe hannuwa a buɗe don kada su manne da jikinsa, fenti yana ɗiga daga kowane yatsa. Mace ta farko da ya goga wa farar riga ta yi ƙara. Daga nan ba wanda ya bukaci tafinta. Taron nan da ya ƙi gwiwar hannun Blazena ya tsage biyu kamar an sa wuƙa.

Blazena ta kama hannun mahaifinta na dama, na kama na hagu, muka bi sawun ruwan goro a kan duwatsun dandali. Muka tsaya a gindin hasumiya, ba kowa a gabanmu sai sarƙar ƙarfe.

Ƙwarangwal ya ja igiyarsa, ƙaramar ƙararrawa ta kaɗa. Tagogi biyu suka buɗe a sama, mutum-mutumin katako suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya leƙo ya juya. Tagogi suka rufe, zakaran zinariya ya yi cara, babbar ƙararrawa ta amsa. Duka abin bai cika minti ɗaya ba. Wani baƙo a bayana ya yi tsaki ya sauke wayarsa.

Baba Vendelin bai motsa ba. Jama'a suka watse, shi yana tsaye, hula a hannu, yana bin zoben agogon da ido a hankali, ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi. Blazena ta juya baya tana neman wani abu a jakarta wanda na san babu shi. Can tsohon ya zaro agogon aljihunsa, ya kawo shi dab da hanci, ya sake duban na sama. Sai na ga yana murmushi.

"Alois, ka ga hannun nan mai zinariya? Biyu yake nunawa, ba uku ba. Ba su tura shi gaba ba." Ya rufe agogon aljihun. "Shekara hamsin ina gaya musu agogo mai mutunci ba ya sauya magana don rani ya zo. Ashe ina da babban wa a birni."

Kudrna bai ga komai ba. Duk tsawon bugun ya ba hasumiya baya, yana rubuta wa 'yar sanda sunan kakansa, fenti ya manne masa ido ɗaya. Amma kunnensa ya kama maganar tsohon.

"Kun ji da kunnenku!" ya ɗaga murya. "Ƙarfe biyu ne a agogon da ya fi kowanne daraja a ƙasar nan. Awa biyu kacal muka makara. Kuma wa ya kawo shi sahun gaba? Na yi alkawari ko ban yi ba?"

"Ka yi, ɗan nan," in ji Baba Vendelin. "Da ka kife gwangwanin nan a kanka tun da safe, da mun ga na sha ɗaya."

Muka koma bas ta miƙaƙƙen titin da Otakar ya nuna. Na duba, minti tara ne da tafiyar tsoho. Otakar ya ƙirga mu ya sami ashirin da biyu, ya tambayi ina na ashirin da ukun. Blazena ta ce ya sami aiki a birni. Hakan kuwa gaskiya ne, domin kwana huɗu ya yi da bokiti da buroshin ƙarfe yana kankare alamunsa saba'in da biyar, in ban da wadda ke jikin amalanke, wadda har yau ba a ga mai ita ba.

Idon Baba Vendelin ya rufe a watan sha ɗaya, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu yakan zauna kusa da murhu, duk wanda ya shigo sai ya zana masa zoben agogon nan da yatsa a kan tebur, ba ya tsallake ko ɗaya.

Abu ɗaya ne Kudrna bai kankare ba, domin ba a sa shi cikin littafi ba, wato sawun takalminsa. An ce mini har ƙarshen rani ana ganinsa a kan duwatsu, ruwan goro, daga kowane ana hango na gaba, tun daga gindin agogo har ƙofar ofishin 'yan sanda. An kuma ce wata ranar Asabar wasu tsofaffi shida masu sanduna da jakunkuna sun bi shi har ƙarshe, suka zauna a kan matakalar ofishin suka ci burodinsu. Kudrna yana cewa ita ce hanya ɗaya tilo a Prag da ba ta taɓa ɓatar da kowa ba. A wannan kam ban sami abin da zan musa masa ba.